Gayyar Madaki

Rafin Kanya, ƙarshen rani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Salmanu, Madakin jiya, hakimin ƙasar yamma a yau, zuwa ga uwargidana Huraira 'yar Malam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da autarmu Saude da duk wanda ke cin tuwon gidan. Yaya gwiwar nan taki? Ni ƙalau nake, in ban da tsohon tabon kibiya da ke kwankwasona, wanda ba ya manta aikinsa.

Bayan haka, ki yi haƙuri da rubutun. Ke kika koya min riƙe alƙalami bayan hannuna ya riga ya saba da mashi, don haka in kin ga baƙaƙen kamar kaza ta taka tawada, laifin malamar ne.

Na iso lafiya. 'Yar Malam, ba gari na tarar ba, kufai ne mai sauran numfashi. Ganuwar ta zube har awaki na tsallake ta. Duk rani, da zarar kogin Mariga ya janye yadda doki zai iya ƙetarewa, mahara kan fito daga yamma su kwashi mutane da dabbobi. Bara a bakin rijiya suka tattara mata da yara. Kowane magidanci a nan yana da ramin da ya ɓoye hatsinsa a daji, kuma ko ƙaninsa bai san wurin ba.

Kin san abin da Sarki ya faɗa min ranar naɗi: in ganuwa ba ta tsaya ba kafin kogi ya sake janyewa, zai kwashe mutanen nan ya kai su gindin Birnin Gwari, a bar wa daji ƙasar. Na kuma san abin da ke kika faɗa min, wai in zauna a Birni kamar sauran hakimai in riƙa aiko jakada, tunda tsufa ya zo. Na ji ki. Amma shekaruna duka a bayan ganuwar mutane na yi su, ina neman inda ta tsage. Babu wanda ya fi ni sanin yadda gari ke faɗuwa, kuma ina so kafin in koma ga Allah in tsayar da guda ɗaya.

Bari in ba ki abin dariya, don in ban faɗa ba Bakoji zai faɗa, kin san barden nan nawa ba ya riƙe magana. Washegarin isowata na sa aka buga gangar yaƙi a dandali, yadda muka saba tara mutane a sansani. Na zauna a kan buzu, na gyara rawani, ina jiran jama'a. Kafin makaɗi ya sauke hannu garin ya yi wayam. Mata sun bar tukwane a kan wuta. Wani tsoho da aka ce min bai iya fita ko ƙofar ɗaki shi ya riga kowa shiga daji. Ashe mutanen nan ba su taɓa jin wannan gangar don alheri ba. Sai da la'asar suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna hararata saboda miyarsu da ta ƙone.

Yi dariyarki, na yafe. Amma ganuwar nan sai ta tsaya. Ki gaida Saude, ki ce na ga saƙon dakuwarta, na kuma hana Bakoji ko ƙwara. Allah ya sada mu da alheri.

Maigidanki,
Salmanu

*

Rafin Kanya, farkon damina

Zuwa ga Huraira 'yar Malam, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara. Saƙonki ya iso tare da man shafawar, kwankwaso ya gode. Ya ruwa a wajenku? Nan ya sauka da ƙarfi.

Ba labari mai daɗi zan ba ki ba. Da ganga ta ƙi, Bakoji ya ce in bar masa. Ya bi gida gida da dawakai ya fito da maza, ya tsaya a kansu da bulala. Suka yi aiki kuwa, ba wanda ya yi musu. Bango ya tashi da sauri har na fara jin daɗi a raina. Ruwan farko da aka yi ya narkar da shi kamar gishiri. Da na duba sai na ga ƙasar ba a kwaɓa ta ba, ba ciyawa a ciki, ɗora ta kawai aka yi don a rabu da mu. Abin da ya fi wannan ciwo, gidaje da dama sun yi ƙaura zuwa Randagi da Kakangi ba sallama. Na zo in hana mahara watsa gari, ga shi ina taya su aikin. Na ce wa Bakoji ya rataye bulalarsa.

Ina cikin wannan baƙin ciki na hau na fita bayan gari da hantsi, sai na ji kiɗa. Na bi shi har gonar Nababa, Sarkin Noman garin, wani ƙaton mutum mai girman kai wanda tun da na zo bai taɓa durƙusa min da gwiwa biyu ba. 'Yar Malam, abin da na gani ya tsayar da ni. Mazan da Bakoji ke jawowa kamar jakai, ga su a jere daga wannan gefen gona zuwa wancan, garma na tashi tana sauka tare, suna ihu suna tsere. Babu bulala, babu takobi. Ban taɓa ganin rundunar da ta yi sahu irin wannan ba, kuma kin san na ga runduna.

Na kira Nababa na tambaye shi da me ya tara su. Ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, gayya ce ai. Ba ni suka zo wa ba, garmata suka zo rama wa. Babu gonar da ke ƙasar nan da ban zuba gumi a cikinta ba." Na ce to ni ma zan kira gayya, ta ganuwa. Ya dube ni daga rawani har takalmi, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kira kam kowa na iya kira. Gonar wa ka taɓa zuwa?"

Da a sansani ne mutum ya yi min wannan kallon, da ya kwana a ɗaure. Na juya doki na dawo gida raina a ɓace, na kasa cin abinci. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Gini ba ya yiwuwa da damina ko da na so, sai bayan kaka. Ina da watannin ruwan nan kaf a hannuna, kuma na san abin da zan yi da su. Ba zan faɗa miki yanzu ba, don na san ki.

Ki yi min addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Salmanu

*

Rafin Kanya, tsakiyar damina

Zuwa ga uwargidana, sarauniyar masu faɗa. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san ya yi laifi kuma bai da niyyar tuba. Ina fata zazzaɓin Saude ya sauka.

Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye, don zafinta bai bar ni na zauna ba. Eh, gaskiya ne abin da fatake suka kawo muku. Madakin da aka san shi da sulke yanzu yana yawo gonakin talakawa da garma a kafaɗa. Kin ce matan fada suna tambayarki ko nawa ake ba mijinki na ƙodago. Ya yi min zafi, don ke ce a cikinsu, ni ina nan nesa. Ki yi haƙuri, ki ce musu fura ake ba shi, kuma yana shanyewa.

Ranar farko na tuɓe riga na sa tsohuwar taguwa na shiga gayyar wani makaho da 'ya'yansa suka tafi a harin bara. Kiɗa ya tsaya cak. Wasu suka zube suna gaisuwa, wasu suka fara neman hanyar gudu, suna zaton wata dabara ce. Nababa ne kaɗai bai motsa ba. Ya nuna min kunya ɗaya tsakanin samari biyu, ya ce wa makaɗi ya ci gaba. Wallahi Huraira, na yi yaƙi tun safe har faɗuwar rana ban ji abin da na ji ran nan ba. Samari suka kai ƙarshe suka dawo ina tsakiya, kunyata kuma ta karkace kamar tafiyar maciji. Makaɗin, ɗan banza, ya sa ni a waƙa nan take, wai Madaki ya ci garuruwa amma ciyawa ta kore shi. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ranar ce farko da na ga haƙoran mutanen garin nan.

Tun daga nan ban bar gayya ta wuce ni ba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe ya warke, yanzu ya yi kanta. Na je ta masu hali, na je ta gwauraye. Na taya Arɗo Jumare da mutanensa sare burtalin da shanunsu ke bi zuwa rafi. Na hau dutse wurin Gwarawa na yi musu tulin doya, tsohonsu Jaji yana bina a baya yana gyara abin da na ɓata, yana surutu da harshen da ba na ji, amma na san ba yabo ba ne.

Akwai abin da ya fi nauyi. Bakoji ya tafi. Ya zo min da shawara cewa mu hau dutsen nan mu kamo Gwarawan, a sa su gini da ƙarfi a huta. Na ce mutumin da na sha ruwa a ƙoƙonsa ba zan sa masa igiya ba. Ya ce shi bai bi ni tun yana saurayi don ya ga bayan ubangidansa a sunkuye gaban talaka ba. Hawaye yake yi yana faɗa. Ya kwashi yawancin mahayan suka koma Birni, saura tsofaffi irina. Ni na ɗora shi a kan doki karon farko, kin sani. In ya zo gaishe ki kada ki juya masa baya, ki ba shi abinci.

An ce a fada ana ta raɗa cewa na taɓu, Sarki ma ya aiko yana tambaya ko sarautar ta yi min nauyi a sauke min. Na aika masa cewa wa'adin da ya ba ni bai cika ba. Ban zo nan don in koma da labari ba.

Dawa ta yi kyau bana. Ki kula da kanki.

Mijinki manomi,
Salmanu

*

Rafin Kanya, bayan kaka

Zuwa ga Huraira, hasken gidana. Gaisuwa da fatan kun yi sallah lafiya. Na gode da garin yajin, na kuma lura wannan karon ba ki yi faɗa ba, abin ya ɗan tsorata ni.

Na kira gayyata. Na yi ta yadda ake yi, ba yadda na saba ba. Na aika wa Nababa goro, na roƙe shi ya sa rana, shi ya aika wa sarkin samari da makaɗa. Mai gayya shi ke ciyarwa, ni kuwa ba ni da rumbu, don haka na ba Arɗo Jumare akawalina ya ba ni bijimai da dawa. Kada ki yi kuka a kan dokin nan, ni na riga na yi na mu biyu.

Ranar na fita bakin gari gabana na faɗuwa fiye da ranar da na fara shiga yaƙi, ina tunanin in ba wanda ya zo fa? 'Yar Malam, sun zo. Makahon nan ya zo ana jansa, ya zauna yana yanka ciyawar da ake zubawa a ƙasa. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Randagi sun dawo. Jumare ya koro shanunsa cikin ramin kwaɓi suna tattake ƙasar, abin da zai ci maza yini su suka gama kafin azahar. Gwarawa suka sauko daga dutse, matansu na ɗaukar tubali a kafaɗa a jere. Ni kuma ba a bar ni na ba da umarni ko ɗaya ba. Nababa ya ce mai gayya aikinsa raba fura da godiya, in kuma yana da sauran ƙarfi ya ɗauki ƙasa. Sai inda za a yi ƙofa da inda maharba za su tsaya aka tambaye ni, nan kam ba wanda ya yi min gardama.

Ganuwa ta tashi, mai kauri, ta zagaye gari saura kaɗan ta haɗe. Sai ga Jaji ya zo da tafinta ya zauna a gabana, ya tambaye ni cikin natsuwa ta wane gefen ganuwar aka bar su, su da matansu da rumbunansu, in mahara sun zo. Jumare ma, ashe, tambayar da ke bakinsa ke nan game da shanunsa. Ni kuwa daidai gidajen garin na auna ganuwar. Ko a mafarki ban sa su a ciki ba.

Madakin da ke cikina ya ce a'a. Ƙaramar ganuwa ta fi sauƙin tsarewa, kogi kuma kullum ja yake. Nababa ma, wanda na zata zai goyi bayansu, ya ce a rufe tukuna, baɗi a yi maganar faɗaɗawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Muka yi musu har murya ta tashi. Na ce masa shi ya koya min cewa wanda ya zo maka sai ka je masa. Ta yaya zan rufe ƙofa in bar hannuwan da suka gina ta a waje, in hau bisa ina kallo ana kora su kamar tumaki? Ya ce in garin ya faɗi ta wannan giɓin, a wuyana. Na ce na ɗauka.

Jiya muka rushe gefen gabas da hannunmu, bangon da muka sha wuya a kansa, muka ja sabon layi har ya haɗa da fadama. Nababa, duk da fushinsa, shi ya fara kai sara. Masu kamun kifi sun ce ruwan Mariga ya sauko zuwa ƙirji. Ban sani ba ko za mu riga shi. Ina jin tsoro, Huraira, ke kaɗai zan faɗa wa, amma ko yau aka mayar da ni jiya abin da zan yi ke nan.

A sa almajiran babanki su yi mana addu'a.

Naki har kullum,
Salmanu

*

Rafin Kanya, tsakiyar rani

Zuwa ga uwargidana Huraira. Aminci ya tabbata a gare ki. Ina fata kina lafiya ke da Saude. Na san labari ya riga takardata isowa, kuma na san yadda labari ke ƙara kitse a hanya, don haka ga gaskiyarsa. Ina raye. An sare ni a kafaɗar hagu, ba mai zurfi ba, ga shi da hannuna nake rubutu.

Ba mu riga kogi ba. Mahara sun zo da hantsi, saura giɓi a gabas wanda shanu za su iya shiga a jere. Mun cika shi da ƙaya da itace. Kowa yana ciki: mutanen gari, Gwarawa da rumbunansu, Jumare da garkensa. Na sa maharban Jaji a kan ganuwa dama da hagu, ni da tsofaffin mahayana da duk mai gatari muka tsaya a giɓin. Suka yi ta kawo hari suna komawa har rana ta karkata. Waɗannan mutane sun saba da garin da ke watsewa tun kafin su iso, ba su zo da shirin wanda zai tsaya ba. Da la'asar suka kwashi gawarwakinsu suka juya. Ba su tafi da ko ɗan akuya ba.

Mun rasa mutane, Allah ya jiƙansu. Nababa na cikinsu. A giɓin da ya ce kada a buɗe ya tsaya, kafaɗarsa na gogar tawa, mashi ya same shi a ƙirji. Nan take ya cika. Ranar musunmu na ce masa na ɗauka a wuyana, to ga shi na ɗauka, kuma ya fi yadda na zata nauyi. Ni na yi masa wanka tare da liman. Ban yi kuka irin wannan ba tun rasuwar mahaifiyata. Washegari, ba wanda ya kira kowa, mutane suka fito suka rufe giɓin. Ganuwa ta haɗe, an sa ƙyaure.

Shekaranjiya sai ga Bakoji da alkyabba da farin doki daga Sarki. Ya faɗi a gabana ya kasa ɗaga kai, na ɗaga shi na rungume shi. Saƙon shi ne Sarki ya yaba, garin zai zauna, ni kuma in koma Birni in karɓi madakancina, a turo wani ya riƙe nan ta hannun jakada. Na san wannan shi ne abin da kike roƙon Allah tun ranar da na fito, kuma kin cancanci ki same shi.

Na mayar da alkyabbar, 'yar Malam. Na roƙi Sarki ya ba Bakoji madakancin, ya isa. Duk wanda ya ɗauki ƙasa a ganuwar nan gayyata ya zo, kuma ban rama wa ko rabinsu ba. Nababa ya bar matarsa Azumi da yara ƙanana da gonar da ta fi ta kowa girma, ba mai riƙe mata garma. In na hau farin dokin nan na tafi, sai su ce ashe dabarar yaƙi ce kawai na yi musu, kuma za su yi gaskiya.

Ban taɓa roƙonki abu mai nauyi irin wannan ba. Ki bar Birni, ki bar ɗakinki da maƙwabtanki da kabarin babanki, ki zo ki zauna da tsoho a bakin daji. Ba zan ce dole ba, na daina wannan. Roƙo nake. Bakoji zai rako ku ke da Saude in kin yarda, kuma gara ku taso kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. In kin iso ba ki same ni a gida ba, kada ki sa a neme ni a zaure. Ki tambayi gonar marigayi Nababa, an fara sassabe.

Allah ya kawo ki lafiya. Wassalam.

Ni ne mai jiranki,
Salmanu